Motar Lantarki: Ko Direbobinmu Sun Shirya, Yaushe Kuma Za Su Shirya?

Jawabin da wani jami'in Ma'aikatar Watsa Labarai ya yi a gaban taron hakimai da malamansu

 Ko ban tambaya ba na sani, babu wanda ya iso wurin nan bai yi lissafin kuɗin man da motarsa ta sha ba. To, a kan wannan lissafi ne aka umarce ni in yi magana yau.

Kun tuna ran 29 ga watan Mayu na 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Kafin wannan rana ana sayar da lita ɗaya ƙasa da naira 200 a gidajen mai. Mako bai zagayo ba sai da ta wuce naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Tun daga sa'an nan talakawanku ke jin labarin wata irin mota wadda ba ta shan mai, waɗansu har sun fara zuwa wurinku suna tambaya ko su sayar da abin hawansu su sayo ta. Nufin wannan jawabi shi ne ku sami abin da za ku gaya musu, don kada mai gaggawa ya yi hasarar jarinsa, kada kuma wanda lokacinsa ya yi ya zauna yana ta zuba kuɗi a gidan mai.

Bari in faɗi amsar tun da fari, sa'an nan in kawo dalilai. Direbobi ba za su shirya rana ɗaya ba. Akwai waɗanda lokacinsu ya yi, akwai waɗanda ya kusa, akwai kuma waɗanda ke da sauran shekaru a gaba. Abin da ke rarrabe su kuwa abu uku ne: kuɗin saye, da wurin samun wuta, da wanda zai gyara in ta lalace.

Mece Ce Motar Lantarki?

Motar fetur tana ƙona mai ne a cikin inji, ƙarfin ƙunar ya juya ƙafafu, sauran ya fita da zafi da hayaƙi. Mafi yawan ƙarfin man a zafin nan yake salwanta, abin da ke isa ga ƙafafu bai cika kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ita motar lantarki ba ta da tankin mai. Wani babban batir ne shimfiɗe a ƙarƙashinta, ana ɗura masa wuta, watau caji, shi kuma ya ba wata na'ura ƙarfi ta juya ƙafafu, kamar dai yadda wuta ke juya fanka ko injin markaɗe. Ba ta da fulogi, ba kafireto, ba salansa, ba a kuma yi mata juyen baƙin mai. Saboda haka abubuwan da ke lalacewa a cikinta kaɗan ne, amma wanda ya fi kowanne tsada, watau batirin, in ya mutu ya tafi da babban rabo na kuɗin motar.

Ana auna abin da batir ke ɗauka da yunit, irin wanda kuke saye a mitar gida. Mota matsakaiciya tana ɗaukar yunit 50 zuwa 60, tana kuma cin kamar yunit 15 zuwa 20 a tafiyar kilomita 100. Watau ke nan in an cika ta za ta yi kilomita 300 ko fiye kaɗan kafin ta nemi wani cajin. Cika ta a soket na gida yana iya cin yini da kwana. In an kafa mata na'urar caji ta musamman a gida, dare ɗaya ya isa. Akwai kuma manyan tashoshin caji masu sauri waɗanda ke ɗura mata mafi yawan abin da take bukata cikin rabin sa'a zuwa sa'a guda, amma kafa su yana da tsada, suna kuma bukatar wuta mai ƙarfi wadda ba ta yankewa.

Kada ku ɗauka sabon abu ne. A 1899 motar da ta fara wuce gudun kilomita 100 cikin sa'a guda, a ƙasar Faransa, ta lantarki ce. Wajen 1900 kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka da batir suke tafiya. Abin da ya kā da su shi ne, a 1908 kamfanin Ford ya fito da motar fetur mai araha, a 1912 kuma aka ƙago na'urar tā da inji ba tare da an murɗa hannu ba, ga kuma gidajen mai suna yaɗuwa alhali ƙauyukan Amurka ba su da lantarki. Direbobin wancan zamani sun bi abin da ya fi musu sauƙi da araha. Na wannan zamani ma haka za su yi.

Abin Da Aka Gani A Waɗansu Ƙasashe

Abin da ya komo da motar lantarki kasuwa shi ne faɗuwar kuɗin batir. Daga 2010 zuwa 2024 kuɗin batirin litiyam, wanda irinsa ne a cikin wayoyin hannunku, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. A 2023 an sayar da motocin lantarki kusan miliyan 14 a duniya, a 2024 fiye da miliyan 17, watau cikin kowaɗanne sababbin motoci biyar da aka sayar, ɗaya ko fiye ana yi mata caji. Fiye da rabinsu a ƙasar Sin aka sayar, inda a 2024 kusan rabin sababbin motoci irin waɗannan ne.

Ƙasar da ta fi kowace nisa a wannan hanya ita ce Norwe, can arewacin Turai. A 2024 kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka saya a can na lantarki ne zalla. Abin mamaki, ita ma mai arzikin man fetur ce kamar Nijeriya. Amma ku lura da abin da ta tanada. Mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, kusan dukan wutarta daga madatsun ruwa take samu, ba ta kuma yankewa. Gwamnatinsu ta yi shekaru da yawa tana yafe wa motar lantarki haraji tana ɗora mai nauyi a kan ta fetur, har ya zama a wurin dillali ta lantarki ce mai araha.

Ga kuma darasi daga Jamus. A watan Disamba na 2023 gwamnatin can ta dakatar da taimakon kuɗin da take ba masu sayen motar lantarki, sai cinikinta ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a 2024. Jamusawa ba su canza ra'ayi game da hayaƙi cikin shekara guda ba, lissafin aljihu ne ya canza.

A nan Afirka, ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da na dizal tun farkon 2024, domin ba ta haƙar mai, sayensa yana cinye mata kuɗin waje, ga shi kuwa ta gina babbar madatsa a kan Kogin Nilu mai ba da megawat fiye da 5,000, wadda aka yi bikin buɗewa a watan Satumba na 2025. Ƙasar Ruwanda kuma daga watan Janairu na 2025 ta daina yi wa sababbin baburan haya masu shan fetur rajista a Kigali, babban birninta. A can ɗan acaɓa ba ya tsayawa jiran caji. Yakan je tasha ne ya ajiye batirin da ya ƙare, a ba shi cikakke, ya biya kuɗin wutar ya wuce, duk cikin 'yan mintoci.

Abin da duk waɗannan misalai ke nunawa ɗaya ne. Inda aka sami wuta, aka kuma sauƙaƙa kuɗin saye, direbobi ba su bukaci dogon wa'azi ba.

Lissafin Direba

Yanzu mu komo gida mu yi lissafi irin na tasha. Ina roƙon malamai su rubuta, domin kuɗin mai da na wuta suna hawa suna sauka, amma hanyar lissafin ba ta canzawa, kowa sai ya sa farashin garinsu na ranar.

Mu ƙaddara ga tsohuwar tasi tana shan lita 10 a kilomita 100, mu kuma ƙaddara lita naira 900 ce. Kuɗin mai ya zama naira 9,000. Ta lantarki mai girmanta, mu ce tana cin yunit 18. A watan Afrilu na 2024 an mai da kuɗin yunit naira 225 ga masu layin da ake kira Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta sa'a 20 a rana, daga baya aka ɗan rage. Mu ƙaddara naira 210. Yunit 18 ya zama naira 3,780. Rarar da ke tsakani naira 5,220 ce a kowane kilomita 100.

To, direban da ke yin kilomita 150 kullum, kwana 300 a shekara, zai tsira da fiye da naira miliyan 2 da dubu 300. Ma'aikacin da ba ya wuce kilomita 20 a rana, daga gida zuwa ofis, rararsa kamar naira dubu 313 ce. In muka ƙaddara, don misali kawai, motar lantarki ta ɗara ta fetur tsada da naira miliyan 6, direban haya zai mai da kuɗinsa kafin shekara uku, shi kuwa ma'aikaci sai ya yi kusan shekara 19. Kamfanoni da yawa lamunin da suke bayarwa a kan batir na shekara 8 ne ko kilomita 160,000. Kun ga ke nan, mai yawan tafiya shi ne riba ke jira, mai ƙaramar tafiya kuwa lamuninsa zai ƙare tun bai rama rabin abin da ya ƙara ba.

Akwai wani tarko wanda nake so ku gargaɗi mutane a kansa. Wani zai ce in an ɗauke wuta sai ya tā da janareta ya yi caji. Ƙaramin janareta na fetur da kyar yake ba da yunit 2 daga lita guda. Yunit 18 ke nan sai ya sha lita 9 ko fiye, kusan daidai da abin da tsohuwar tasin ke sha. Wanda ya yi haka ya sayi mota mai tsada, bai kuwa rabu da gidan mai ba.

Maganar Wuta

Nan ne babbar wahalarmu take. Wutar da ake rarrabawa a babban layin Nijeriya duka, daga tashoshin iskar gas na Kudu da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, yawanci tsakanin megawat 4,000 da 5,000 take kaiwa da komowa, ga mutane fiye da miliyan 200. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta mutum miliyan 85 a ƙasar nan ba su da wutar layi ko kaɗan, ku kun fi kowa sanin cewa ƙauyukanmu suna da babban kaso a cikinsu. Ba mu manta ba, a watan Oktoba na 2024 an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Maiduguri kuwa a farkon 2021 'yan ta'adda suka karya turakun layin da ke kai mata wuta daga Damaturu, ta daɗe a haka, har aka gina mata tashar iskar gas mai megawat 50 wadda aka buɗe a 2023. Direban da abincin iyalinsa ke rataye da wutar layi kaɗai, in irin wannan ta faru, motarsa ta zama rumfa.

Amma Allah ya hore mana abin da mutanen Norwe ba su da shi, watau rana. A ƙasashen Sakkwato da Katsina da Kano da Borno, faifan sola guda mai ƙarfin wat 500 yana iya ba da yunit 2 zuwa 2 da rabi a yini. Keke mai ƙafa uku na lantarki wanda ke bukatar kamar yunit 10 a rana, faifai biyar sun ishe shi. Tasi mai cin yunit 18 tana bukatar takwas ko tara a kowane kilomita 100. Sai dai a tuna abu biyu. Na ɗaya, da rana ake samun wutar, da rana kuma direba ke neman kuɗi, saboda haka ko dai a sami batir biyu, ɗaya na caji ɗaya na aiki, ko kuwa a sayi na ajiya, wannan kuwa ƙarin kuɗi ne. Na biyu, ƙurar hunturu tana rufe faifan ta rage masa ƙarfi, dole a riƙa goge shi. Haka kuma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu, saboda haka ƙananan tashoshin sola na gari guda sun sami ƙofa.

Kuɗin Saye, Da Bakanike, Da Zafi

Mafi yawan motocin da ke kan hanyoyinmu na hannu ne, waɗanda muke kira 'yan Kwatano. Mai sayen tsohuwar motar fetur yana iya buɗe inji ya saurara, ya duba hayaƙi, ya kira bakanike ya gwada masa. Tsohon batir kuwa ba a gane lafiyarsa da ido ko da kunne, sai da na'ura mai karanta sauran ƙarfinsa. Motar tana iya yin ƙyalli a waje alhali ba ta iya yin rabin tafiyar da take yi tana sabuwa. Duk wanda zai sayi ta hannu, kada ya biya sai an auna batirin a gabansa, an kuma tuƙa ta daga cika har ta kusa ƙarewa. Araha ba ta ado. Gwamnatin Tarayya a 2024 ta cire harajin VAT daga kan motocin lantarki, wannan ya rage wani abu, amma har yanzu sabuwa ta fi ƙarfin yawancin direbobi in ba da bashi mai sauƙin biya ba.

Sai maganar gyara. Makanikanmu gwanaye ne, amma a kan injin mai suka koyi sana'a. Batirin motar lantarki yana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400 ko fiye, wadda ke kashe mutum nan take. Ba wurin gwaji da sukundireba ba ne. Garin da ba shi da bakanike wanda aka horar, ba shi kuma da mai sayar da kayan gyara, 'yar ƙaramar matsala sai ta ajiye mota wata da watanni.

Sa'an nan ga zafi. Batirin litiyam yana saurin tsufa in yana shan zafi, a bazara kuwa Sakkwato da Maiduguri suna wuce digiri 40. Saboda haka a riƙa ajiye abin hawa a inuwa, a guji caji mai sauri da tsakar rana in da hali, a kuma fi son motar da ke da na'urar sanyaya batir. Wanda ruwa ya shanye a ambaliya kada a kusance shi da caji sai masani ya duba, domin yana iya kamawa da wuta bayan kwanaki, wutar batir kuwa tana da wuyar kashewa.

Su Wa Suka Fi Kusa?

In muka auna da waɗannan abubuwa, direbobi sun kasu huɗu.

Na farko, masu A Daidaita Sahu da 'yan acaɓa na cikin gari. Tafiyarsu gajeruwa ce amma mai yawa, batirinsu ƙarami ne, mutum yana iya ɗaukarsa ya musanya, faifan sola kaɗan sun ishe shi. Duk garin da aka kafa tashar caji ko ta musanyar batir mai aminci, aka kuma tsara biya da kaɗan kaɗan kamar yadda suka saba ba da balas, waɗannan lokacinsu ya yi.

Na biyu, tasi da bas na cikin gari, waɗanda ke kwana a gareji ɗaya suna bin hanya ɗaya. Gwamnati ko ƙungiyar direbobi ko attajiri mai motoci da yawa yana iya kafa musu wurin caji guda. Waɗannan su ke biye.

Na uku, masu motar kansu. Wanda ke da sola mai ƙarfi a gida, yana kuma yawan tafiya cikin gari, zai iya. Saura su dakata sai kuɗin ya sauko. In mutum na son rage shan mai tun yanzu, akwai mota mai haɗin inji da ƙaramin batir, irin su Toyota Prius wadda ta fito tun 1997, ita ba a yi mata caji, tana kuwa rage shan mai ƙwarai a cikin gari. Akwai kuma juya mota ta koma amfani da iskar gas ta CNG, wanda Gwamnatin Tarayya ta fito da shirinsa a 2023, ga wanda ke kusa da gidan sayar da ita.

Na huɗu, direbobin dogon zango da na manyan motoci. Daga Kano zuwa Kaduna kamar kilomita 230 ne, caji ɗaya zai kai. Daga Kano zuwa Maiduguri kuwa kusan kilomita 600 ne, sai an tsaya a hanya ko sau ɗaya ko sau biyu, ga lodi, ga zafi, ga wuraren da ba a son tsayawa da dare. Muddin ba a jera tashoshin caji masu sauri a garuruwan kan hanya, irin su Azare da Potiskum da Damaturu ba, waɗannan su ne na ƙarshe. Motocin da ke ɗaukar hatsi da shanu zuwa Kudu sun fi kowa nisa.

Kada kuma wani ya ce mutanenmu ba sa karɓar sabon abu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba a yi shekara uku ba manoma suka cika tasha da gyaɗa, domin sun ga riba da idonsu. A 2013 da aka hana acaɓa a birnin Kano, cikin ɗan lokaci dubban matasa suka koma A Daidaita Sahu. Gani ya kori ji.

Abin Da Aka Fara A Ƙasarmu

Ba daga sifiri za mu tashi ba. Malam Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, wanda ya zana siffar motar Chevrolet Volt a Amurka, ya shugabanci hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. A zamaninsa aka nuna motar lantarki ta Hyundai Kona wadda aka harhaɗa a Legas, a watan Afrilu na 2021 kuma aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri wani matashi, Mustapha Gajibo, ya shahara wajen cire injin ƙananan bas yana sa musu batir. A watan Disamba na 2023 gwamnatin Jihar Borno, ƙarƙashin Gwamna Babagana Zulum, ta ƙaddamar da motocin haya masu aiki da lantarki da na iskar gas don rage wa talakawa kuɗin mota. Hakimin da ya sami hali ya tura wakili ya ga yadda ake tafiyar da su, ya tambayi direbobin da kansu, zai fi ƙaruwa da abin da na faɗa yau.

Abin Da Ake Roƙon Hakimai Da Malamai

Na ɗaya, ƙidaya. Kowane malamin gunduma ya haɗa kai da dagatai da masu unguwanni da shugabannin tasha, ya rubuta yawan babura da kekuna da motocin haya na gundumarsa, da nisan da suke yi kullum, da sa'o'in da ake samun wuta a kowane gari har tsawon wata guda. Da wannan ne za a san inda ya dace a fara.

Na biyu, fili. In wani ya zo neman wurin kafa tashar caji, a taimake shi bisa ƙa'ida, a zaɓi wuri kusa da tasha ko kasuwa, mai tudu wanda ruwa ba ya kwanciya, nesa da rumfunan kara da masu sayar da fetur a galan. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu.

Na uku, tsare talakawa daga 'yan damfara. Duk sabon abu yana zuwa da masu cin kasuwar duhu. Wanda ya zo yana karɓar kuɗin rajista da alkawarin rabon keken lantarki, a nemi takardunsa, a tambayi ƙaramar hukuma kafin kowa ya ba da ko kwabo. Mai saye kuma ya tambayi dillali abu huɗu: wane irin batir ne, na litiyam ko na darma, lamunin shekara nawa ne, a rubuce, nawa ne kuɗin sabon batir, ina kuma shagon gyara yake.

Na huɗu, matattun batura. Kekuna masu araha da yawa batirin darma gare su, wanda ba ya daɗewa. Darma guba ce. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar darma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400. Kada a bar kowa ya fasa batir ko ya narka darmarsa a cikin gari, ko kusa da rijiya, kada kuma a jefa na litiyam a bola ko a wuta. A tara su a mayar wa dillali.

Na biyar, samari. Ku ƙarfafa wa makanikai da masu gyaran sola da na waya su tura yaransu koyon wannan aiki a makarantun koyon sana'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuma tuna da masu juyen baƙin mai da masu gyaran kafireto da salansa, waɗanda cinikinsu zai ragu sannu a hankali, don su fara neman abin haɗawa tun da sauran lokaci.

Ranku ya daɗe, in talaka ya zo ya tambaye ku ko lokaci ya yi, ku mai da masa da tambaya uku. Ina za ka yi caji kowace rana, har ranar da aka ɗauke wuta? In ka haɗa kuɗin caji da abin da za ka riƙa biya na bashi, ya gaza abin da kake kashewa yanzu a kan mai da gyara? Wa zai gyara maka a garin nan? Wanda ya amsa ukun nan da gaskiya, ya shirya, ku sa masa albarka. Wanda ya kasa ko guda, ya riƙe abin da ke hannunsa tukuna, ya ci gaba da tanadi, gama sannu ba ta hana zuwa.

 Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa hakimai lafiya da adalci, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya. Amin.